Banh mi da pho: yadda burodin Faransa da romon Hanoi suka haɗu a tebur ɗaya

Wani ƙanena ɗan Damagaram da ke karatu a Paris ne ya fara kai ni gidan abincin Biyetnam. Lokacin sanyi ne, da azahar, a titin Choisy da ke gunduma ta 13, inda dogayen benaye suka yi wa shagunan mutanen Asiya rumfa. Gidan abincin ƙarami ne, tebura ba su wuce goma sha biyu ba, gilashin taga ya yi gumi saboda tururi. A kan kowane tebur akwai kwalabe biyu, ɗaya ja, ɗaya baƙa mai kauri, sai gwangwanin da aka cusa cokula da tsinkayen cin abinci. Kafin mu gama cire rigunan sanyi an dire mana faranti shaƙe da ɗanyen ganye, tsiron wake da yankan lemun tsami, alhali ba mu ce a kawo komai ba. Ƙanen nawa ya leƙa teburin kusa, ya ga wata mata tana gatsar dogon burodi, ɓawonsa na zuba a kan takarda. Sai ya juyo ya ce, "Yaya, wannan ai burodinmu ne na gida. Me ya kai shi wajen masu cin shinkafa?"

Abin da ya kai shi Damagaram shi ne ya kai shi Saigon, birni mafi girma a kudancin Biyetnam. Sojojin Faransa sun kama birnin a 1859, zuwa 1887 sun haɗe Biyetnam da Kambodiya a ƙarƙashin mulki ɗaya da suka kira Indocin, daga baya suka ƙara da Laos. Alkama ba ta yi a ƙasar, don haka garinta ta jirgin ruwa yake zuwa, kuma da farko burodi abincin Bature ne da na kusa da shi. Ana cin sa yadda ake ci a Faransa, wato burodi a gefe, man shanu da yankakken nama a faranti. Mutanen arewacin Biyetnam har "banh tay" suke ce masa, burodin Turawa ke nan. Sunan da ya zauna kuwa, banh mi, ba wani abu yake nufi ba illa abin da aka yi da alkama. A Biyetnam in ka ce banh mi kawai, ana iya miƙo maka gayansa.

Cusa haɗi a cikinsa daga baya ya zo, kuma a kudu aka yi shi. Wani shago mai suna Hoa Ma da wasu mata da miji 'yan Hanoi suka buɗe a Saigon a 1958 yana cikin waɗanda aka fi danganta wa farawa. Dalilin mai sauƙi ne: ma'aikaci da ɗan makaranta ba su da lokacin zama da faranti da wuƙa. Sai aka gajarce burodin ya koma kamar kamu ɗaya, aka tsaga shi, aka zuba komai a ciki, aka naɗe da takarda. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai shayi ya ce a sa masa ƙwai a cikin burodi zai wuce da shi ya san wannan dabarar.

Amma burodin kansa ya canza, kuma a nan ne ƙanena ya yi kuskure kaɗan. Na Faransa yana da nauyi, cikinsa na da danƙo, sai ka ja da haƙori. Na Biyetnam ɓawonsa siriri ne kamar ɓawon ƙwai, cikinsa kamar auduga, in ka matse shi a hannu sai ya kusa ɓacewa. Ana yawan cewa garin shinkafa ake haɗawa, sai dai masu gidajen burodi da dama alkama zalla suke aiki da ita. Abin da ke kawo laushin shi ne doguwar bugun kwaɓi, barin sa ya tashi sosai, da fesa tururi a cikin tanda. Burodi ne da aka gina don ya ba haɗi wuri. Aibinsa ɗaya, ba ya kwana. Bayan 'yan sa'o'i ya saki, shi ya sa mai sayarwa na kirki yake sake ɗumama shi a kan garwashi ko a ƙaramar tanda kafin ya tsaga.

In ka buɗe shi, rabin abin da ke ciki na Bature ne, rabi na gida. Gefe ɗaya ana shafa mayonis, wanda mu muka fi sani da bama, ɗaya gefen kuma niƙaƙƙiyar hanta da Faransawa ke kira pate. Sai nama. Sai abin da ya raba shi da duk wani burodin Turai: karas da wani farin tushe ɗan uwansa da aka yanka siri-siri aka jiƙa a ruwan khal da sukari, dogon yankan kokwamba, ganyen koriyanda da karansa, da ɗanyen barkono. A ƙarshe a ɗiga masa Maggi na ruwa. E, Maggin da ka sani. Julius Maggi ɗan Suwizalan ne ya fito da na ruwan a 1886, Maggin ya bi Turawa zuwa ƙasashen da suka mallaka, mu muka riƙe na dunƙule, su suka riƙe na kwalaba. A ganina ƙarfin banh mi duk yana wajen tsamin nan na karas. Cire shi, abin da ya rage maiƙo ne a kan maiƙo, ba ka kai rabi ba ya gundure ka.

Labarin pho, wato taliyar shinkafa da nama a cikin romo, ya fi wannan sarƙaƙiya. Kafin mu shiga, a gyara kiran sunan: ba "fo" ba ne, ya fi kusa da "fa" da aka ja, murya ta sauka sannan ta tashi kamar mai tambaya. Harshen Biyetnam na da karin sauti shida a lafazin arewa, kuma Bahaushen da ya san bambancin fari na launi da fari na rashin ruwa ba zai yi mamaki ba in aka ce masa phở miya ce, phố kuma titi.

An fara ganin sa a farkon ƙarni na 20 a arewa, tsakanin Hanoi da Nam Dinh, garin da Faransawa suka kafa babbar masaƙa mai dubban ma'aikata. Kafin lokacin, saniya ba abar yanka ba ce a wajen manomin Biyetnam. Dabbar aiki ce ita da ɓaunarsu ta gida, abincinsa kuwa shinkafa ne da kifi da alade da kaji. Turawa ne suka zo da son naman sa, aka fara yanka don teburinsu. Su ɗauki tsoka, ƙashi da jijiya da tumbi su rage a mahauta ba mai so. A gefe guda akwai masu talla da suka saba dafa naman ɓauna da taliyar shinkafa ga 'yan dako a bakin Jan Kogi, da 'yan kudancin Sin masu sayar da taliya da naman sa. Daga haɗuwar ukun nan pho ya fito. Kan sunan ma har yau ana ja. Wasu na cewa daga kalmar Sinawan Kanton ce mai nufin faffaɗar taliyar shinkafa, wasu na cewa daga pot-au-feu ne, dafaffen naman Faransawa. Ni na fi karkata ga na farko, domin masu tallan da ke kiran sunan a titi da asuba ba a ɗakin girkin gwamna suka koyi sana'a ba.

Ka kwatanta mai tallan da ɗan ga-ruwa: sanda a kafaɗa, akwati ɗaya a gaba mai tukunyar romo a kan garwashi, ɗaya a baya mai taliya da kwanuka da nama. Abincin karin kumallo ne tun asali, kuma a Hanoi har gobe akwai shagunan da ke rufewa kafin hantsi ya dubi ludayi saboda romo ya ƙare. Na kaza ya shigo ne wajen 1939, lokacin da aka hana sayar da naman sa a wasu ranakun mako.

Romon shi ne komai, kuma aikinsa ya sha bamban da yadda muke farfesu. Mu muna son miya ta yi kauri, ta ɗauki launi, yaji ya fito fili. Mai pho so yake romonsa ya yi garau har ka hango ƙasan kwano, amma in ka kurɓa ka ji kamar an narka saniya guda a ciki. Don haka sai ya fara tafasa ƙasusuwan na 'yan mintuna, ya zubar da ruwan farko da duk dattinsa, ya wanke ƙashi ɗaya bayan ɗaya, ya sake ɗorawa da sabon ruwa. Daga nan ba a barin tukunya ta yi tafasa mai ƙarfi, domin tafasa na dama maiƙo da ruwa, romo ya yi duhu. Wuta kaɗan-kaɗan, sa'a shida, takwas, wasu har kwana, mutum na tsaye yana kwashe kumfa. Albasa da citta ba a jefa su ɗanye. Ana babbaka su a wuta har bayansu ya yi baƙi, a kankare, sannan a saka. Kayan ƙamshi kuma ana ɗan soya su a busasshen kasko: kirfa, kanumfari, wani ɗan itace mai siffar tauraro, da wani baƙin ƙwallo mai ƙamshin hayaƙi. Sai ɗan sukari, sai gishiri, sai nuoc mam.

Nuoc mam ruwan kifi ne. Ana jera ƙananan kifin teku da gishiri a manyan gangunan katako, kusan kashi uku na kifi kashi ɗaya na gishiri, a bar su wajen shekara, sannan a tsiyaye ruwan da ya fito ja kamar shayi. Na tsibirin Phu Quoc ya fi suna. In ka shinshina kwalabar za ka kau da kai, amma wanda ya tashi a gidan da ake daka daddawa ba shi da bakin magana. Aikinsu ɗaya: warin ya tafi a tukunya, daɗin ya zauna. Kuma kada a yi maka ƙaryar tsarki, shaguna da yawa na ƙara farin magi, a Hanoi ma a gabanka ake zuba shi a kwano da cokali.

To ina farantin ganyen nan da kwalabe biyu suka fito? Nan ne siyasa ta shiga kwano.

A watan Mayun 1954 Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu. Yarjejeniyar Geneva ta raba ƙasar gida biyu, 'yan gurguzu a arewa, masu adawa da su a kudu, aka ba mutane kwana 300 kowa ya zaɓi inda zai zauna. Kusan mutum miliyan ɗaya suka gangara kudu, da yawansu Katolika, cikinsu har da masu pho da masu burodi. Kudu ƙasa ce mai albarka, ga kogin Mekong, ga rake, ga ganye ko'ina, ga Sinawa masu yawa a unguwar Cholon. Sai pho ya sake kama. Romo ya ƙara zaƙi, kwano ya ƙara girma, nama ya zama kala-kala, aka kawo tsiron wake da ɗoɗɗoya da wani dogon ganye mai baki kamar zarto, aka ajiye baƙin miyan wake na Sinawa da jan barkono kowa ya zuba son ransa. A arewa kuwa abin baya ya yi. Gwamnati ta karɓe harkar abinci, komai sai da kati, nama ya yi wuya, har aka riƙa sayar da pho babu nama. Mutanen Hanoi, da ba'arsu, suka sa masa suna "pho mara matuƙi", suna shaguɓe ga jiragen leƙen asirin Amurka marasa matuƙi da ke shawagi a kansu lokacin yaƙin arewa da kudu. Sai bayan sauyin tattalin arziki na 1986 shagunan masu zaman kansu suka farfaɗo sosai.

Har yau ɗan Hanoi na kallon farantin ganyen nan a matsayin ɓarna. Nasa kwanon romo ne, taliya, nama da ganyen albasa, sai ɗan ruwan khal mai tafarnuwa, da soyayyen ƙulli dogo da ake tsomawa. Ɗan Saigon kuma na ganin na arewa kamar abincin mara lafiya. Na ci duka biyun, kuma in an matsa mini zan ce ɗan Hanoi na da gaskiya a abu ɗaya: wanda ya matsa baƙin miyan nan a cikin romo kafin ya ɗanɗana ya zubar da aikin sa'a takwas. Masu iya ci a ɗan ƙaramin faranti suke zuba shi, su riƙa tsoma nama.

Sai 30 ga Afrilun 1975, ranar da Saigon ta faɗa hannun arewa. Kimanin mutum 130,000 aka kwashe zuwa Amurka a tashin farko, a shekarun da suka biyo baya kuma dubban ɗaruruwa suka fita ta teku a ƙananan jiragen ruwa, da yawa ba su kai gaci ba. Waɗanda aka sauke a sansanin soja na Pendleton a Kaliforniya su ne tushen unguwar Little Saigon da ke Westminster. Wasu suka zauna a San Jose, wasu a Houston da New Orleans, wasu a Cabramatta ta birnin Sidni. A Paris kuwa, benayen nan na gunduma ta 13 an gina su ne a farkon shekarun 1970 don ma'aikata masu hali, amma masu halin ba su zo ba, sai 'yan gudun hijirar Biyetnam da Laos da Kambodiya suka cika su, da yawansu 'yan asalin Sin. Mutumin da ya sauka a baƙuwar ƙasa ba harshe, takardun karatunsa ba su da amfani, amma yana da mata da 'ya'ya da tukunya, sana'ar da ta fi kusa da hannunsa ita ce abinci. Ƙashi kuma a mahautan Turai kusan kyauta ne.

Ke nan abin da duniya ta sani da sunan abincin Biyetnam, galibinsa ɗanɗanon Saigon ne na kafin 1975, wanda waɗanda suka sha kashi a yaƙi suka fita da shi. Ko jar kwalabar barkonon nan mai hoton zakara da ake gani a Amurka ba daga Biyetnam take zuwa ba. David Tran, ɗan gudun hijira, shi ya fara haɗa ta a Los Angeles a 1980, ya sa wa kamfanin Huy Fong, sunan jirgin da ya fitar da shi. In kana son ganin ɗaya fuskar, sai ka nufi gabashin Turai. Jamus ta Gabas ta ɗauki ma'aikatan kwantiragi daga Biyetnam ta gurguzu, wajen 60,000 zuwa 1989, akasarinsu 'yan arewa. Shi ya sa a kasuwar Dong Xuan ta Berlin ko ta Sapa a Prague za ka fi cin karo da pho irin na Hanoi. Kwano ɗaya zai iya gaya maka ta wace ƙofa mai shagon ya bar gida.

Mu ma yaƙin da Faransa ta yi a can ya taɓa mu ta wata fuska. Faransa ta kwashi sojoji daga Afirka ta Yamma zuwa Indocin, wasu suka dawo da matan Biyetnam, kuma ta hannun matan nan ne soyayyen naɗin da ake kira nem ya zama abin talla a titunan Dakar, sai dai can da naman sa ko kaza ko jatan lande ake cusa shi.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damun Musulmin da ya zauna a irin wannan tebur. Alade shi ne naman yau da kullum a girkin Biyetnam, kuma yana ɓuya a inda ba ka zata ba. Banh mi na asali, wanda ake rubuta wa dac biet, wato na musamman, alade ne tun daga farko har ƙarshe. Tarkon yana wajen na kaza ko na ƙwai ko na kifin gwangwani: hantar nan da ake shafawa galibi ta alade ce da kitsensa, kuma hannun mai haɗawa ya saba shafa ta ba tare da tambaya ba. Dole ka ce kada a sa, kuma ka tsaya kana kallo, domin wuƙa ɗaya ce. A ɓangaren miya, pho bo na sa ne, pho ga na kaza, amma yana da kyau a tambayi ƙashin da aka dafa romon da shi, don wasu na haɗawa. Wanda ya fi yaudara shi ne bun bo Hue, miyar tsohuwar fadar sarakuna ta Hue, mai yaji da ƙamshin ciyawar nan ta lemo da ake sa wa shayi. Sunanta na cewa naman sa, kamanninta ya fi kowace kusa da farfesunmu, ga jan mai yana yawo a sama, ita ce idon Bahaushe zai fara faɗawa. Amma a cikinta akwai ƙafar alade, sau da yawa har da daskararren jini da aka yanka kamar awara. Hu tieu, wata miyar taliya ta kudu, ita ma romon alade ne. Batun yanka kuwa, kowa ya san matsayar da yake bi. A Biyetnam kanta akwai mafita, domin akwai Musulmi 'yan ƙabilar Cham, musamman a yankin Chau Doc kusa da iyakar Kambodiya, kuma a tsakiyar Saigon, wanda yanzu ake kira birnin Ho Chi Minh, akwai gidajen abincin halal kusa da kasuwar Ben Thanh da kewayen babban masallacin titin Dong Du, wanda Musulmi 'yan kudancin Indiya suka gina a 1935.

Sauran kalmomin takardar abincin ba su da wuya in an san su. Tai na nufin nama ɗanye da aka yanka kamar takarda, a shimfiɗa a kan taliya, a kwara masa tafasasshen romo ya dahu a gabanka. Chin dafaffe ne. Nam da gau yankan ƙirji da ciki ne masu kitse, gan jijiya, sach tumbi, bo vien kuma dunƙulen nama mai tauri kamar roba. Ƙanena tai ya nuna da yatsa ba tare da ya sani ba. Da kwano ya iso ya ga jan nama a sama, sai ya ja kujera baya ya ce, "Yaya, sun manta ba su dafa ba." Na ce ya tura shi ƙasa da tsinke ya ƙirga goma. Ya tura, naman ya koma ruwan toka, ya ɗaga yana juya shi kamar mai duba kuɗin jabu.

A ranar, kwanon nan yuro goma da 'yan kai ne, ƙasa da abin da za ka biya a kan farantin taliyar Italiya a tsallaken titi, wadda ba ta ɗauki minti ashirin a wuta ba. Wannan bambancin ya daɗe yana ci wa 'ya'yan masu shagunan tuwo a ƙwarya. Iyayensu sun sa farashi ƙasa ne don abokan cinikinsu na farko 'yan uwansu ne marasa hali, kuma don ba a lissafa ladan uwa da ke tashi ƙarfe huɗu na asuba ko na yaran da ke wanke kwanuka bayan makaranta. Jama'a suka saba, har ya zama in an ƙara yuro biyu sai a ce an yi tsada. Suna dai ya samu: ƙamus ɗin Oxford ya shigar da banh mi a 2011, Bill Clinton ya sha pho a Saigon a 2000, a 2024 kuma gwamnatin Biyetnam ta sa pho na Hanoi da na Nam Dinh cikin jerin al'adun gado na ƙasa. Amma da yawa daga cikin 'ya'yan da aka yi wa karatu da kuɗin romo sun zama likitoci da injiniyoyi, ba su da niyyar gadon tukunya.

Da muka gama, ƙanena ya nemi kofi. Aka kawo kofin gilashi da madarar gwangwani mai kauri kwance a ƙasa, wani ɗan gwangwanin ƙarfe a bisa yana ɗigo ɗaya-ɗaya. Shi ma kofin Faransawa ne suka kai irinsa, yau Biyetnam ce ta biyu a duniya wajen noma shi bayan Brazil. Tsohuwar da ke karɓar kuɗi ta ga yana ƙoƙarin ɗaga murfin don ya yi sauri, ta girgiza masa kai daga inda take zaune, ta nuna masa agogon bango. Muka jira minti biyar, layin masu jiran tebur ya kai bakin ƙofa.